Fata ce ko leda? Yadda ake bambance jaka, takalmi da bel kafin a biya kuɗi

Rigimar da ta fi yawa tsakanin masu sayar da jaka da takalmi a Instagram ko WhatsApp da kwastomominsu ba ta wuce wannan ba: an sayi kaya da sunan fata, bayan wata shida ko shekara ya fara ɓarewa yana zubar da ɓawo baƙi-baƙi a jikin riga, mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa ya rantse shi ma a matsayin fata ya saro har ya turo hoton tambarin da ke jiki an rubuta Genuine Leather ɓaro-ɓaro. Kuma sau da yawa dukansu biyun gaskiya suke faɗa. Wancan tambarin abu ɗaya kawai yake nufi, wato akwai fatar dabba a cikin kayan, bai ce wace dabba ba, bai ce wane ɓangare na fatar aka yanko ba, bai ce da me aka jeme ta ko me aka shafe samanta da shi ba. Toh waɗannan ukun kuwa su ne suke yanke ko jaka za ta shekara goma ko damina ɗaya za ta gani.

Wace dabba

Ƙirgin saniya shi ne mai kauri da nauyi, shi ake so a bel, ƙasan takalmi, sirdi da jakar tafiya. Fatar akuya siririya ce amma tana da ƙarfi fiye da yadda kaurinta ke nunawa, fuskarta tana da 'yan ƙwayoyi ƙanana-ƙanana masu kyau, ba ta saurin yagewa, shi ya sa dukawa suka fi sonta a gafaka, kube, lalita da takalmin mata. Fatar tunkiya ta fi duka laushi amma tana miƙewa kuma tana saurin gogewa, ta fi dacewa da safar hannu, rigar fata da shafin cikin takalmi. A nan akwai wani bambanci da ba kowa ya sani ba, tumakinmu irin su Balami, Uda da 'Yankasa masu gashi ne ba masu ulu ba, kuma fatar tunkiya mai gashi ta fi ta mai ulu ƙarfi da santsi, don haka masu yin safar hannu a waje suke nemanta.

Sai fatar kada, mesa, damo da jimina. Mafi yawan jakunkunan da ake gani da zanen kada a kasuwa ba kada ba ne, ƙirgi ne ko leda aka danna wa ƙarfe mai zane da zafi, in ka lura za ka ga zanen yana maimaita kansa daidai wa daida, abin da ba ya faruwa a jikin dabba. In kuma ta gasken ce akwai wata matsalar, cinikin fatar irin waɗannan dabbobi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta duniya, wato CITES, da ta fara aiki a 1975, wanda ya sayi jakar mesa zai kai tsaraba waje ba tare da takardar izini ba, kwastam suna iya ƙwace ta a filin jirgi.

Fata ɗaya, hawa-hawa

Nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Ƙirgin saniya yana da kauri sosai, a masana'anta ba a amfani da shi a haka, inji ne yake tsaga shi a kwance ya fitar da shimfiɗa biyu ko fiye. Ta sama, wadda gashi ya fito a kanta, ita ce zarenta ya fi cushewa, ita ce mai ƙarfi. Yadda ake gangarawa ɓangaren nama haka zaren ke ƙara sakewa.

Idan aka bar ta saman yadda Allah ya yi ta, ba a goge fuskarta ba, ita ce ake rubuta wa full grain. Za ka ga ƙofofin gashi, wani lokaci har da ɗan tabon ƙaya ko cizon kaska, kuma launinta ba ya zama iri ɗaya sak daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu masu saye suna ganin tabon su ce ai mai aibi ce, alhali shi ne shaidar ba a taɓa fuskar ba. Irin wannan ba ta ɓarewa don ba wani abu aka liƙa mata ba, tsufa ma ƙara mata duhu da sheƙi yake yi.

Amma fatar da ba ta da tabo ba ta da yawa, musamman a ƙasashen da dabba ke kiwo cikin ƙaya, ga kaska, ga lalas, ga wuƙar mai fiɗa. Sai a goge fuskar da inji a cire tabon, a fesa fenti, a danna mata zanen ƙofofin gashi na ƙarya. Wannan ita ce gyararriyar fata, har yanzu fata ce ta sama kuma tana da ƙarko, sai dai ba ta shan iska kamar ta farko, kuma fentin yana iya tsagewa a inda takalmi ke lanƙwashewa. Mafi yawan takalman ofis masu matsakaicin kuɗi daga nan suke, kuma ba laifi ba ne, tabo ba ya kama su da wuri, goge su ma ya fi sauƙi.

Shimfiɗar ƙasa kuma, wato tsagin da ya rage bayan an ɗauke ta sama, ba ta da fuska kwata-kwata, gaba da baya duk gashi-gashi ne. Hanya biyu ake bi da ita. Ko a bar ta a haka a gyara ta zama suwed, mai laushin nan kamar karan-miski da ke shan ruwa da ƙura, ko a liƙa mata siririn mayafin roba a sama a yi masa zanen fata. Wannan ta biyun ita ce uwar rigima. Ka juya bayanta ka ga fata, ka shinshina ka ji ɗan warin fata, tambari ya ce Genuine Leather kuma bai yi ƙarya ba, amma abin da idonka ke gani hannunka ke shafawa roba ce, ita ce kuma take ɓarewa. Kada a haɗa suwed da nubak, kama suke yi amma nubak fatar sama ce aka ɗan goge fuskarta ta yi laushi, ta fi suwed ƙarfi da tsada.

Can ƙasan duka akwai wadda ake haɗawa da ragowar yanke-yanke, a niƙa guntayen fata a kwaɓa da gam a shimfiɗa a kan takarda ko yadi a rufe da roba, ana rubuta mata bonded leather. Kamar katakon nan ne na garin katako da ake kabad da shi, yana da kyau ranar da aka kawo, ruwa na taɓa shi shikenan. Bel mai arha da ke tsagewa a daidai ramin da ake sa ƙarfe, ka ga cikinsa kamar kwali, yawanci ita ce.

Bagaruwa ko kurom

Jima ita ce ke hana fata ruɓewa. Ta gargajiya da ake yi a unguwar Majema a Kano, da Sakkwato, Zinder da Agadas, a taƙaice ana jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki a kankare, a sa ta a ruwan kashin tantabara ko na kaji ta yi laushi, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, daga baya a shafa mai a yi ta bugu da murza. Jan launin nan da aka san fatar Hausa da shi daga karan dafi yake fitowa. Turawa ma suna da irin wannan jimar da ɓawon itatuwa, a Italiya yankin Tuskani ya yi suna a kanta, kuma ƙirgi mai kauri yakan ɗauki makonni har watanni a rami.

Jimar kurom kuwa da gishirin wani ƙarfe ake yi, kuromiyam. Wani Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar a Amurka a 1884, kuma yau mafi yawan fatar duniya, kusan kashi 80 cikin 100 ko fiye, da ita ake jeme ta, dalili kuwa cikin kwana ɗaya an gama. Fatar tana fitowa shuɗiya-shuɗiya tana jiƙe, daga nan a rina ta duk launin da ake so.

Wacce ta fi? Ya danganta da abin da za a yi. Ta bagaruwa ko ɓawon itace tana da tauri, tana riƙe siffa, tana karɓar zane da tambari, ta dace da bel, kube da lalita, amma ruwa yana mata tabo, in ta jiƙe aka shanya a rana sai ta ƙandare, in kuma ba a wanke ta sosai ba wajen jima wari yana binta, wanda shi ne babban ƙorafin da ake yi wa kayan gida. Ta kurom tana da laushi, ta fi jure ruwa da zafi, launinta ba ya saurin canzawa, ta dace da saman takalmi da jakar hannu. Masu sukarta suna magana ne a kan abu biyu. Na farko ruwan dattin masana'antu, mazauna kusa da Challawa da Sharaɗa a Kano sun daɗe suna kuka da abin da ake zubarwa a kogi. Na biyu, in ba a yi aikin da kyau ba kuromiyam ɗin yana iya rikiɗa zuwa wani nau'i mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje a jikin wasu mutane, shi ya sa Tarayyar Turai tun 2015 ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in wannan nau'in ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Wanda madaurin agogo ko sandal ke sa wa ƙaiƙayi a daidai inda ya taɓa, wannan na cikin abubuwan da likitan fata zai duba. Masu kare ta kuma suna cewa in masana'anta tana tace ruwanta matsalar ta ragu sosai, kuma ita ma jimar itace tana cin ruwa da yawa kuma tana da nata dattin.

Leda da sababbin sunayenta

Abin da ba fata ba ne sam iri biyu ne a kasuwa, PVC da PU, dukansu yadi ne aka shafa wa roba. PVC ta fi tauri da sheƙi, ita ce ta kujerun mota masu arha da jakar makaranta, in ta daɗe a zafi sai man da ke sa ta laushi ya fice ta bushe ta tsattsage. PU ta fi laushi kuma ta fi kama da fata, har mai sayarwa ma tana iya ruɗa shi. Matsalarta ita ce danshi da zafi suna cin robar a hankali ko ana amfani da ita ko ba a yi. Wannan ne bayanin abin da ke faruwa da kayan lefe, amarya ta ajiye jaka da takalmi saiti a akwati tana tattali sai wani biki, bayan shekara biyu ko uku ta buɗe ta tarar jakar tana manne wa hannu tana zuba, ba ta taɓa rataya ta ba ko sau ɗaya. Ajiya ba ta ƙara wa PU kwana, gara ma a yi amfani da ita tun tana da kyau.

Yanzu kuma an shigo da sunan vegan leather, wato wai fatar da ba a yanka dabba ba. Mafi yawanta PU ce aka canza wa suna, ko da yake akwai waɗanda ake haɗawa da zaren ganyen abarba ko wasu tsirrai, su ma galibi sai an sa musu roba. Masu goyon baya suna cewa ba ran dabba a ciki, ba dattin jima, ga arha, talaka ma ya samu ya yi kwalliya. Masu jima suna cewa ai ba don fata ake yanka saniya ba, don nama ne, in ba a jeme ta ba zubarwa za a yi, ita kuwa roba daga man fetur take kuma jakar da ta ɓare bola za ta tafi. Rigimar ta kai ga doka a wasu ƙasashe. Brazil tun 1965 ta hana kiran abin da ba daga dabba ya fito ba da sunan fata, Italiya ta yi irin wannan doka a 2020, Fotugal ta bi a 2022. A Najeriya dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana yi wa kaya bayanin ƙarya, sai dai wanda ya sayi jaka a status ɗin WhatsApp ba rasit ba komai, da wuya ya iya bin haƙƙinsa ta nan.

Batun alade da mushe

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya. Fatar alade tana da arha kuma tana shan gumi, don haka kamfanoni da yawa a waje suke sa ta a shafin cikin takalmi da safar hannu, ko da saman takalmin na saniya ne. Gane ta ba wuya in ba a rufe ta da fenti ba, ƙofofin gashinta manya ne kuma uku-uku suke zuwa a dunƙule, ɗigo uku, tazara, ɗigo uku. A leƙa cikin takalmi wajen diddige da harshe, musamman na gwanjo.

Malamai sun yi saɓani a kan fatar dabbar da ba a yanka ta yadda shari'a ta ce ba. Akwai hadisin da ya ce idan aka jeme fata ta tsarkaka. Hanafiyya sun ɗauke shi a kan kowace dabba ban da alade, Shafi'iyya suka cire alade da kare. A mashhurin Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, jima ba ta tsarkake fatar mushe gaba ɗaya, an dai yi rangwame a yi amfani da ita a busassun abubuwa da ruwa amma ba a salla da ita, alade kuwa ba ya cikin rangwamen. Lalita a aljihu da bel a ƙugu lokacin salla su ne inda maganar ta fi shafar mutane, kuma wannan hukunci ne da mutum zai kai wa malaminsa. Kayan da aka yi da fatar gida dai ba su da wannan tababa sosai tunda yanka ake yi.

Fatarmu a waje, leda a gida

Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce da ayari ke tsallaka Sahara da ita, sunan tashar da ta bi ne ya bi ta. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalma da jemammun fatu zuwa arewacin Afirka. Har yau masana'antun jima na Kano suna tura fatar awaki da tumaki Italiya, Sifaniya da Sin, wasu kamfanoni can su ɗinka jaka su sa sunansu. Mai kyau ta lamba ɗaya dala take kawowa, don haka baduku a Kurmi ko Ƙofar Wambai, da mai ɗinkin takalmi a Ariaria ta Aba, yawanci abin da ya rage suke samu ko su koma ledar da ake shigowa da ita daga Sin a nannaɗe.

Ƙirgin saniya kuma tukunya ce ke cinye mafi yawansa. Mai ganda yana biya nan take kuma bai damu da tabo ko yankan wuƙa ba, majemi kuwa sai ya zaɓa. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Zariya ya yi maganar neman dokar hana cin ganda don a ceto masana'antar, aka yi ca a kansa, masu sayarwa da masu ci suka ce abincin talaka ne kuma sana'ar dubban mutane ce. Ko fatun layya da ake tarawa duk shekara, irin wanda ƙungiyar Izala ke yi, darajarsu tana ga yadda aka feɗe da kuma saurin sa gishiri, fatar da wuƙa ta huda ko ta wuni a rana a ƙasa ta riga ta faɗi daraja tun kafin ta isa majema. Duk wannan yana komawa kan mai saye, bel ɗin ƙirgi na gaske yana tsada a ƙasar da ake yanka shanu kullum.

A gaban mai kaya

Takalman da aka yi don kasuwar Turai, wanda ya haɗa da gwanjo da yawa, suna zuwa da 'yar sitika a ƙasa ko a cikin harshe bisa wata dokar Tarayyar Turai ta 1994. Layi uku ne, saman takalmi, cikinsa, da tafinsa, kowanne da alama a gefe. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata yana nufin fata. Hoton fata da ɗan lu'ulu'u mai kusurwa huɗu a tsakiya yana nufin fata ce aka rufe da roba mai kauri. Zanen saƙa yadi ne, lu'ulu'u shi kaɗai kuma roba ko wani abu daban. Ana sa alamar ne ga abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na wannan ɓangaren. Jaka da bel ba sa cikin wannan doka, su sai ido da hannu.

Wurin da ya fi tona asiri shi ne baki, inda aka yanka. A bel a duba cikin ramukan, a jaka a duba gindin hannu ko bakin zif. Fata za ka ga zare-zare abu ɗaya daga sama har ƙasa, leda za ka ga hawa-hawa, roba a sama, soso ko farin yadi a ƙasa. In an shafe bakin da fenti mai kauri ko an naɗe shi ko'ina ba inda za ka leƙa, ba lallai ha'inci ba ne amma sai a ƙara tambaya. A danna da babban yatsa, fata tana yin 'yan ƙananan tamoji a kewaye launin ya ɗan canza, leda lotsawa kawai take ta dawo. Ɗigon ruwa yana shiga fatar da ba a rufe ba ya bar duhu, amma gyararriyar fata mai fenti ita ma ruwa zamewa yake a kanta, don haka wannan gwajin ba hujja ba ne shi kaɗai. Wari ma haka, akwai turaren warin fata da ake fesa wa leda. Gwajin ashana da wasu 'yan kasuwa ke yi don burge kwastoma, a kara wuta a ce ka gani ba ta narke ba, daƙiƙa ɗaya ba ta nuna komai, kuma tsagin da aka rufe da roba zai iya narkewa a sama alhali ƙasansa fata ne.

Wanda zai saya ta intanet abin da ya rage masa shi ne tambaya kafin ya tura kuɗi, kuma a rubuce: fatar wace dabba ce, ta sama ce ko tsagi, a turo bidiyon baki da bayan fatar ba hoton gaba kawai ba. Mai saro kaya da bai sani ba gara ya ce bai sani ba. Kuɗi ma yana magana, jaka babba sabuwa da ake sayarwa a kuɗin da bai kai na ɗanyar fatar da za ta ci ba, ba sai an yi gwaji ba.

Ba kowane kaya ne yake buƙatar fata mai tsada ba. Jakar biki da za a riƙe sau uku yayi ya wuce, PU ta wadatar in dai an saye ta a kuɗin PU. Bel, takalmin zuwa aiki kullum da lalitar da ke shan gumi a aljihu su ne inda ƙarin kuɗin ke dawowa, don ana iya kai su wurin shumeka a sake ɗinki ko tafi, ledar da ta ɓare kuwa ba mai iya gyara ta. Ita ma fatar gaske tana da abokan gaba biyu a yanayinmu, hunturu yana busar da ita ta tsage, damina tana sa mata fumfuna. Ɗan man kaɗe kaɗan a tsumma yana maganin na farko, sai dai yana ƙara duhu don haka a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kuma ba a sa wa suwed ko nubak mai, buroshi suke so. Na biyun kuma kada a ɗaure jaka ko takalmi a leda a jefa ƙasan akwati, a sa a tsohuwar rigar filo a inda iska ke shiga, in ruwa ya dake su a cusa takarda a ciki a bar su su bushe a inuwa.